Kalmar "evil" a bakin shugabannin Amurka

A makaranta an koya mana cewa "evil" na nufin mugunta ko sharri, shi ke nan. Amma Bature ba ya sakin kalmar nan barkatai yadda muke sakin "mugu". Mu mukan ce mugun yaro, mugun zazzaɓi, har mugun daɗi ma cewa muke yi. A tsohon Turanci ita ma haka take, kowane abu maras kyau ana kiransa da ita, har da cuta. Daga baya "bad" ta ɗauke wannan ƙaramin aiki, ita kuma ta koma ta sharrin da ya kai maƙura, irin wanda ake jinginawa ga Shaiɗan.

Nauyin nan nata shi ya sa 'yan siyasa ke ƙaunarta, kuma shi ya sa ni nake jin tsoronta.

A watan Maris na 1983, Ronald Reagan ya tsaya gaban taron shugabannin coci a Florida ya kira Tarayyar Sobiyat daular sharri, da wannan kalma. A Janairun 2002 George W. Bush ya ɗaure Iran da Iraƙi da Koriya ta Arewa da igiya ɗaya, ya ce su ne ƙawancen sharri. Wane ƙawance kuma? Iran da Iraƙi da suka yi shekara takwas, daga 1980 zuwa 1988, suna kashe juna? Amma wa zai tsaya tambaya bayan an ambaci sharri? A Maris na 2003 aka afka wa Iraƙi, makaman ƙare dangin da aka fake da su kuwa ba a same su ba.

Ba wai ina wanke Saddam, shugaban Iraƙi na lokacin, ba ne, mutanen garin Halabja na Iraƙi da aka fesa wa guba a 1988 sun san ko shi wane ne. Abin da nake cewa shi ne, idan ka kira mutum azzalumi, ka ɗora wa kanka nauyin faɗin wanda ya zalunta da haƙƙin da ya danne, kuma akwai alƙali da shaidu. Idan kuwa ka ce shi kansa sharri ne, ka rufe shari'a tun ba a zauna ba. Ba a sulhu da shi, ba a sauraronsa, duk wanda ya ce a bi a hankali sai a ce yana bayan Shaiɗan. Abin ya fi muni idan aka liƙa wa ƙasa guda, domin bam ba ya tantance shugaba da mai sayar da gurasa.

Shi kansa Reagan, bayan ya rattaba hannu da Gorbachev, shugaban Tarayyar Sobiyat, kan yarjejeniyar rage makamai masu linzami a 1987, ya je Mosko a 1988. Da aka tambaye shi ko har yanzu Tarayyar Sobiyat daular sharri ce, sai ya ce a'a, wancan wani zamani ne daban.