Awa ɗaya na nema a wurin sabis ɗinku, ita ma kun hana ni

Ranar Asabar, goma da kwata na safe, ina tsaye a kan bulo a bayan gidanmu a Tudun Wada, na ɗaga waya sama kamar mai neman ganin wata. Layi biyu ne a wayar, duka na biya musu kuɗin data na wata guda, duka suna nuna cikakken sabis, amma manhajar FPL (Fantasy Premier League), wasan haɗa tawagar 'yan ƙwallo a waya, in ban da juyawa ba abin da take yi. Ɗan da'irar nan mai zagayawa na zuba wa ido har idona ya kawo ruwa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam, lafiya dai?" Na ce lafiya lau. Ina zan fara yi mata bayani?

Wanda ba ya wannan wasa zai ce don wannan ne kake kumfar baki? To bari ya ji. Tun watan Agusta aka ba kowa fam miliyan 100 na cikin waya ya sayi 'yan wasa 15 daga gasar Firimiya: gola 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, kuma ba a yarda ka ɗauki fiye da uku daga kulob ɗaya ba. Mako 38 ake yi ana tafka lissafi. Mu ashirin ne a rukuninmu, 'yan majalisar mai shayin bakin layi da wasu abokai na Kawo da Unguwar Rimi, kowane mako a haɗa ka da mutum ɗaya, wanda ya fi maki ya kwashi uku. Huɗun farko ne ke shiga zagayen sili ɗaya ƙwale a makonni biyun ƙarshe. Kafin wani ya fara yi mini wa'azi, ba kuɗi muke zubawa ba. Wanda ya zo na ƙarshe shi ke sayen tsire, na ɗaya kuma ya samu bakin magana har shekara ta zagayo. Ni ne na huɗu, wannan makon ne na ƙarshe kafin a rufe ƙofa, nasara ɗaya kawai nake nema.

Kuma na yi aikina. Kwana biyar ina bin 'yan gaba biyu kamar mai neman aure. Wanda ke hannuna suna ne kawai ya rage masa, wasa huɗu yana yawo a fili, ba ya shiga cikin sha takwas, ƙwallon da yake bugawa daga nesa ce, irin ta huce haushi. Wanda nake son kawowa bai ci da yawa ba a kwanakin, amma duk wanda ya zauna a gidan kallo ya ga wasanninsa ya san ƙwallo na nan tafe: shi ke buga fenariti, yana cika minti 90, kuma kulob ɗin da za su karɓa a gida ya riga ya faɗa, ba abin da yake karewa. Ni ba na sayen ɗan wasa don makin da ya ci makon jiya, wannan aikin 'yan bin yarima a sha kiɗa ne. Damar da yake samu nake dubawa, da mintunan da koci ke ba shi, da wanda zai fuskanta. Canjin kyauta ma ina da shi a ajiye, ba sai an zaftare mini maki 4 ba. Danna abu biyu ne ya rage: in kawo shi, in ɗora masa kyaftin, makinsa ya ninku.

Na san abin da za ku ce, me ya hana ka yi tun Juma'a? Wanda ya daɗe a harkar nan ba ya gaggawa. Sai koci-koci sun gama magana da 'yan jarida ranar Alhamis da Juma'a ake sanin wa ya ji rauni, wa za a hutar. Wanda ya taɓa riƙe 'yan wasan koci Guardiola ma ya fi kowa sanin wannan azaba, mutumin da zai ajiye maka tauraro a benci ba tare da ya ce uffan ba. Da daren Juma'ar na so in kammala, to kwana biyu ba mu ga ƙyallin wuta ba, waya ta mutu tun magariba, janareton mai cajin layinmu kuma ya ƙi tashi. Da sassafe na kai ta wani shago can wajen Kasuwar Barci, na biya, na zauna a benci ina gadin ta har ta kai kashi arba'in. Ka ga an tsallake masu wuta, sai aka faɗa hannun masu sabis. An gudu ba a tsira ba.

Ana rufe canji saura minti 90 a take wasan farko na mako. Idan wasan sha biyu da rabi ne a Ingila, sha ɗaya ke nan. Lokacin sanyi agogonsu na bayan namu da awa ɗaya, muna da sarari har sha biyun rana, amma daga ƙarshen Maris da suka tura agogonsu gaba sai ya zo daidai da namu. Ƙarfe sha ɗaya cif, ba roƙo, ba sanayya.

Goma da rabi na sauko daga bulo na kira layin ƙorafinsu. Minti bakwai ana sa mini kiɗa da tallar garaɓasa. Da aka ɗauka, wata ce ta ce, "Yallaɓai, ka gwada kashe wayar ka kunna." Na ce Hajiya na kashe sau uku, na cire layin na goge shi da gefen riga na mayar. Ta ce a wurinsu komai na tafiya daidai a yankina. Yankin da nake tsaye a ciki! Ita da ke zaune cikin sanyin ofis ita ce za ta ba ni labarin Tudun Wada. Ta ce an rubuta ƙorafina, za a tuntuɓe ni. Yau Talata, ko fulashin ba a yi mini ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50, aka ce don aiki ya inganta. Mun biya. Muna kan biya. Ranar da datarka za ta ƙare, saƙon gargaɗi ba ya makara ko da minti ɗaya, ko kana cikin rijiya zai same ka. Cire kuɗi ma bai taɓa cewa babu sabis ba. Amma shafin da bai kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba, shi ne ya gagari manyan ƙarafunan da kuka kakkafa a unguwa. Ni wasa na rasa. Mai POS ɗin da na tarar a bakin titi fa, mutum biyar sun tsaya a kansa, an cire wa wata tsohuwa kuɗi takarda ba ta fito ba, ana ta rantse-rantse.

Na tari Keke na ce ya nufi Ahmadu Bello Way, ko can sabis ɗin masu kuɗi ne. Muna cikin cunkoso wayar ta fara ƙara, saƙonni na ta shigowa kamar an buɗe famfo. Na duba agogo, sha ɗaya da minti shida. Ihu bayan hari.

Sauran kuwa kamar da gangan. Da kyaftin ɗina bai buga gaba ɗaya ba, da mataimakinsa ya gaji ninkin, da sauƙi. A'a, sai da aka sako shi a minti na tamanin da wani abu, ya taɓa ƙwallo sau biyu, maki 1, aka ninka mini ya zama 2. Wanda na so kawowa ya zura biyu. Ƙwallon ɗan gaba maki 4 ce, biyu takwas ke nan, ga 2 na cika awa guda a fili, ga 3 na gwarzon wasa, 13. A ninka, 26. Da maki tara aka doke ni.

Kuma wa ya doke ni? Ƙanin matata. Yaron da tun Disamba bai taɓa tawagarsa ba, har yanzu akwai ɗan bayan da ya bar Ingila a bencinsa. Da yamma ya shigo gidan da ledar lemo a hannu, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Yaya, ashe haka abu ya faru? Allah Ya mayar da alheri." Yayarsa na kicin tana dariya har da tari.

Na sauko na biyar. Jiya da daddare kamfanin ya turo mini saƙo, wai in ba su maki daga ɗaya zuwa goma kan yadda na ji daɗin hulɗa da su. Na danna ɗaya, ya ƙi tafiya.