Mun daɗe muna shan gahawa ba tare da mun ɗanɗana ta ba

Ra'ayina shi ne yawancinmu ba mu san ɗanɗanon gahawa ba, duk da cewa wasunmu ba sa fita aiki da safe sai sun sha. Abin da mai shayi yake haɗa mana shi ne ɗan cokali ɗaya na garin Nescafé, da madarar gwangwani mai yawa, da sukarin da har sai ya kwanta a gindin kofi. Ban ce abin ba shi da daɗi ba, amma madara da sukari ne suke cika baki, gahawar kuwa launinta kawai take bayarwa.

Akwai dalilin da ya sa muke yin haka. Galibin garin gahawar da ake narkawa nan take ana yin sa ne da nau'in robusta, wanda ɗacinsa yake da kaifi, kuma sinadarinsa mai hana barci ya kusa ninka na wani nau'in gahawar da ake kira arabica sau biyu. Duk wanda ya fara da wannan, dole ya nemi abin da zai rufe ɗacin.

A Habasha, inda arabica ta samo asali, uwargida takan wanke ɗanyun 'ya'yan gahawa, ta zuba su a kasko bisa garwashi, tana juyawa a hankali har su tashi daga kore su koma ruwan ƙasa mai duhu, su fara fashewa, maiƙonsu ya fito yana sheƙi. Daga nan sai ta zagaya da kaskon gaban baƙi domin kowa ya shaƙi hayaƙin, kafin ta daka a turmi ta dafa a tulun yumɓu mai dogon wuya da ake kira jebena. Sau uku ake zagayawa da ƙananan kofuna, kuma babu mai gaggawar tashi. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan sun san irin wannan zama, sai dai a can akan ƙara mata citta.

Kurɓin farko ɗaci ne, kuma a nan ne mutane da yawa suke ajiye kofi. Idan ka yi haƙuri ka riƙe ta a baki na ɗan lokaci, za ka ji ɗan tsami mai laushi a gefen harshe, sannan ƙamshin gashi ya hau ta hanci, bayan ka haɗiye kuma wani garɗi ya zauna a maƙogwaro. Duk mai cin goro ya san wannan, domin shi ma sai an jure ɗacinsa zaƙin yake biyowa baya. Kuma ɗanɗanon gahawa yana ƙara buɗewa idan ta ɗan huce, shi ya sa ba na son a ba ni ita tana ƙona leɓe.

Sufayen Yaman sun sha ta tun ƙarni na 15 domin su raya dare da zikiri, kuma daga tashar jiragen ruwa ta Mokha ta bazu zuwa duniya. Abin da yake damuna shi ne a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba ana noman arabica, amma da wuya ka shiga kanti a Kano ko Kaduna ka samu 'ya'yanta a soye, sai dai gwangwanayen gari da aka jera a kan kanta.