Turmi, taɓarya da zaƙin murya

Wani ya ce min mabiya addinin Buddha ba ruwansu da waƙa, su dai zaman shiru, ido a rufe. Rabin gaskiya ya faɗa. Cikin dokoki takwas da masu ibada ke ɗauka a ranakun tsarki a Tailan da Sri Lanka, ta bakwai ta hana rawa da waƙa da kiɗa. Sufayensu kuwa kullum haramcin na kansu.

To amma leƙa littattafansu ka sha mamaki. Dhammapada, littafin da ya tattara maganganun Buddha a baitoci, shi kaɗai baiti 423 ne. Koyarwar Buddha ta shafe ɗaruruwan shekaru tana yawo daga baki zuwa baki kafin a rubuta ta a Sri Lanka, a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, kuma kowa ya san baiti ya fi zube zama a ka. Mu da Nana Asma'u ta karantar da kakanninmu mata da waƙa ta hannun 'yan taru, ba sai an yi mana dogon bayani ba. A Tibet ma da waƙa wani malamin addinin Buddha mai suna Milarepa ya riƙa yi wa mafarauta da manoma wa'azi.

Wadda ta fi taɓa ni tana cikin Therigatha, waƙoƙin matan da suka bar gida suka bi Buddha. Wata mai suna Mutta tana murnar rabuwa da abu uku: turmi, taɓarya, da mijinta mai doro. Da farko dariya na yi. Can sai na tuna matar da ke daka tun asuba, bayanta ya sage, hannu duk kanta. In ta ji wannan baitin, ta san da ita ake. Shi ya sa a ganina waƙa tana taimakon ibadarsu ƙwarai.

A kan murya ne Buddha ya taka burki. Ya hana sufaye rera koyarwarsa da jan murya irin na mawaƙa, ya lissafa illoli biyar. Ciki har da mai rerawa ya kamu da son muryar kansa, kuma garin gyaran sauti natsuwarsa ta watse. Karatu da sauti madaidaici ne ya amince da shi. Nan kam na ba shi gaskiya, don na sha fitowa daga taro ina yabon zaƙin muryar mai rerawa, a tambaye ni me ya ce, in fara sosa ƙeya.