Allura da kwamfuta a zangon Kumasi: a faɗa wa mai saye gaskiya

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya saƙar kente, yadin gargajiyar ƙasar Ghana, cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Abin da aka karrama shi ne hannun masaƙan garuruwa irin su Bonwire da Adanwomase da Agotime Kpetoe, waɗanda ke saƙa siririn ƙyalle mai faɗin kamar inci 4, sannan su harhaɗa fiye da 20 kafin a sami zanen namiji guda. Kente na bugun inji ya cika kasuwar Kejetia ta Kumasi, amma kowa ya san bambancinsa da na saƙa, kuma farashi ma yana faɗa. Mu 'yan zango muna da namu aikin na ƙasaita, wato aikin babbar riga da hula, sai dai a wajenmu wannan bambanci ya fara ɓacewa, abin da kuwa ya kamata ya dame mu.

Haɗa hannu da inji ba baƙon abu ba ne a tufafin alfarma. Shaddar Getzner da muke tinƙaho da ita ranar Sallah ana saƙa ta ne a Bludenz ta ƙasar Austria, a kamfanin da aka kafa tun 1818, da injin da ya samo asali daga wanda Jacquard ya ƙera a Faransa a farkon ƙarni na 19. Bayan ta iso gare mu ne marini zai rina, masu bugu su buga ta har ta yi sheƙi, maɗinki kuma ya zauna da allura makonni ko watanni yana fitar da aska takwas a ƙirji. Masaƙan Asante su ma tun ƙarni na 18 suke warware yadin siliki na ƙetare don su sami zaren saƙa. Fataken da suka riƙa kawo rigunan Kano zuwa Salaga, a arewacin Ghana, suna komawa da goro ba su taɓa ƙyamar kayan nesa ba, matuƙar gwani ne zai ƙarasa aikin.

Saboda haka ba ni da faɗa da keken kwamfuta da ya shigo shagunan teloli a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi. Ana zana adon a allo, a tura wa injin, shi kuma ya zuba shi a kan yadi cikin sa'o'i kaɗan, mai kawuna da yawa ma ya yi riguna da dama a tashi ɗaya. Da shi ne ake fita kunyar ankon biki da cunkoson jajibirin Sallah, da shi ne kuma malamin makaranta mai ɗan albashi yake sa riga mai aiki ya shiga sahu cikin mutunci.

Inda ɓarnar take shi ne a bakin mai sayarwa. Aikin inji shimfiɗaɗɗe ne, kowane zare daidai da ɗan'uwansa, sau da yawa da takardar ƙarfafawa a bayansa. Aikin hannu kuwa yana da tudu da kwari, yana kwanciya tare da yadin, yana ƙara laushi da tsufa. Mai riƙe da rigar zai gane, amma ɗan zangon da ke Landan ko Hamburg, wanda ya ga hoto kawai a WhatsApp, ba zai gane ba. Idan aka sayar masa da aikin inji da sunan na hannu, ranar da ya gano ba zai sake yarda ya biya kowa kuɗin aikin hannu ba. Wanda zai kwana a ciki shi ne dattijon da ya ƙarar da ganinsa a kan allura, kuma yaron da ke koyo a gabansa, da ya ga wahalar wata uku ba ta fi ta kwana ɗaya kuɗi ba, sai ya ajiye zare ya kama tuƙin pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya. Sana'ar da ake koya ta zama kusa da malami, idan aka rasa almajirai na shekara goma, da wuya ta farfaɗo.

Ina ganin ƙungiyoyin teloli da sarakunan zango za su iya tsayawa kan abu ɗaya mai sauƙi: kowace riga mai tsada ta fita da shaidar da ke ɗauke da sunan wanda ya yi aikin, da irin zaren, da bayanin inda inji ya taɓa da inda allura ta bi. Ba laifi keke ya yi doguwar haɗa, kwamfuta ta daidaita zane a kan yadi, a bar wa hannu ƙirji da aljihu da tambarin baya, muddin an faɗa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) tana nan cikin garinmu da masu koyar da ilimin saƙa da zane, kuma ya dace a nemi haɗin kansu wajen ɗaukar hotunan tsofaffin rigunan da ke cikin adakar gidajenmu, a adana zanensu tare da sunayen da masu aikin ke kiransu da su tun suna raye.

Mai saye shi ma yana da nasa nauyin. Wanda ya ba da aikin da zai ci wata biyu ya san cewa maɗinkin yana da iyalin da za su ci abinci a watannin nan, don haka ya riƙa tura masa kuɗi ta waya kashi-kashi yayin da aikin ke tafiya, maimakon kafin alƙalami ɗan kaɗan da alkawarin cikawa bayan Sallah.