Yaron da Ba Ya Iya Natsuwa Ba Lallai Ne Ya Rasa Tarbiyya Ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, ko yake yawan mantuwa da katse zancen manya, iyayensa ne suka sangarta shi. Sau da dama ba haka abin yake ba, domin akwai lalurar da likitoci ke kira ADHD, wadda ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke tattara hankali da danne abin da rai ke so nan take, kuma gado yana da hannu sosai a cikinta.

Ba a gano ta da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa. Masanin halayyar ɗan Adam ko likita yakan zauna da iyaye, ya nemi bayanin malamai, sannan ya tabbatar cewa alamomin sun ɗauki aƙalla wata 6, sun bayyana kafin yaro ya kai shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta. Yakan kuma binciki ji da gani da barci da damuwa, saboda kowannensu na iya raba hankalin yaro. Abin da ya fi damuna shi ne 'yan mata masu wannan lalura, waɗanda galibi shiru suke yi hankalinsu na wani wuri, sai a ce musu malalata.

Duka ba ya gyara wannan lalura, sai dai ya ƙara wa yaro fargaba. Ga ƙananan yara, horar da iyaye kan tsara lokaci da yaba ƙoƙari ake fara yi kafin a yi maganar magani.