Shin Tsohon Soja Ya Fi Cancantar Ƙuri'armu?

Duk lokacin da kakar zaɓe ta gabato, akwai maganar da ke dawowa a majalisun hira na Tudun Wada da Sabon Gari da cikin Birni a nan Zariya, wato cewa ƙasar nan ba za ta gyaru ba sai a hannun wanda ya taɓa sa kaki. Su ma 'yan takara sun gane tasirin wannan magana, shi ya sa za ka ga fosta an rubuta "Janar mai ritaya" da manyan baƙaƙe fiye da sunan mutumin, wani lokaci har da tsohon hotonsa na kaki a gefe guda. Ra'ayina shi ne aikin soja da mutum ya taɓa yi bai isa hujjar a zaɓe shi ba, bai kuma isa hujjar a ƙi shi ba. Abin dubawa shi ne me ya aikata da kakin lokacin da yake jikinsa.

Mu mutanen Zariya ba baƙin soja ba ne. Tun 1924 ake horar da kurata a Depo, makarantar sakandaren soja tana nan tun 1954, ga barikin Basawa, ga Jaji a kan hanyar Kaduna, kuma Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, ya yi karatu a Barewa kamar yadda Murtala Muhammad ya yi. Duk wanda ya taɓa ganin ranar yaye kurata, yadda iyaye suke cika bakin ƙofa da kulolin abinci suna leƙen 'ya'yan da suka yi watanni ba su gani ba, sun rame sun yi baƙi amma sun miƙe ƙyam, ba zai raina wannan aiki ba. Horon yana koyar da kiyaye lokaci da juriya, kuma yana haɗa yaron Ikara da na Ogoja a ɗaki ɗaya har su zama 'yan'uwa, abin da siyasarmu ta daɗe da kasa yi.

Sai dai waɗannan kurata ba su ne ke fitowa takara ba. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40, kuɗin da saja ko kofur ba zai tara ba ko da ya yi shekara 35 yana aiki. Wanda ya kwana a rami a Laberiya ko a dajin Sambisa, idan ya yi ritaya, galibi a bakin ƙofar banki ko gidan wani mai hali ake samunsa yana gadi, cikin 'yan mazan jiya masu bin sawun fansho. Waɗanda ke zuwa neman ƙuri'a da sunan soja manyan hafsoshi ne, kuma da yawansu ba a fagen fama suka yi suna ba, a kujerar gwamna ko minista suka yi shi a zamanin mulkin soja. Ke nan ana tallata mana sadaukarwar ƙananan sojoji ne, riba kuma ta tafi ga wasu daban.

Masu kawo misalin Amurka su ma ya kamata su lura da bambancin tarihi. Gaskiya ne Eisenhower, wanda ya jagoranci dakarun ƙawance a Turai a Yaƙin Duniya na Biyu, ya mulki Amurka daga 1953 zuwa 1961, amma ya fito ne daga rundunar da ba ta taɓa kifar da gwamnatin farar hula ba, rundunar da Shugaba Truman ya sallami babban kwamandanta na Gabas Mai Nisa, MacArthur, a 1951 ana tsakiyar yaƙin Koriya, shi kuma ya tattara kayansa ya koma gida. A can ɗin ma tarihin yaƙi ba ya tabbatar da nasara, domin Bob Dole a 1996 da John Kerry a 2004 da John McCain a 2008 duk sun ga yaƙi da idonsu, kuma duk sun faɗi zaɓe. A wurinmu kuwa soja ya riƙe mulki daga 1966 zuwa 1979, ya sake karɓewa daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, kimanin shekara 29 ke nan, sannan a cikin shekaru 24 na farkon wannan jamhuriya, 16 tsofaffin janarori ne suka yi su, Obasanjo takwas, Buhari takwas. Ba za mu ce ba mu gwada ba.

Babbar hujjar masu son tsohon soja ita ce tsaro, kuma a nan ne gwajin ya fi fitowa fili. A 2015 Arewa ta fito ƙwanta da ƙwarƙwatarta ta zaɓi marigayi Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, bisa imanin cewa janar ne kaɗai zai iya da Boko Haram. Adalci ne a ce hare-haren bam a biranenmu sun ragu ƙwarai, kuma 'yan ta'adda sun rasa yankuna da dama a Arewa maso Gabas. Amma a zamanin nasa ne 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da ke nan garin suka ɗauki mutane, suka kutsa harabar NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, a Kaduna a Agustan 2021 suka kashe hafsoshi, sannan suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris, 2022. Ba ina cewa kakinsa ne ya jawo hakan ba. Abin da nake cewa shi ne matsalar da ta samo asali daga rikicin gona da burtali, da kotunan da talaka ba ya samun gaskiya a cikinsu, da ƙarancin 'yan sanda a karkara, da makaman da ke kwararowa ta iyakoki, ba sanin dabarun yaƙi kaɗai ke warware ta ba. Umaru Musa 'Yar'adua, wanda ya karanta kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya koyar a nan Zariya, bai taɓa yin fareti ba, amma shirin afuwar da ya ɓullo da shi a 2009 ne ya lafar da tashin hankalin Neja Delta bayan an daɗe ana gwada ƙarfi.

Akwai kuma batun ɗabi'a. A bariki ana ba da umarni ne a bi, a mulkin soja kuma doka takarda ce da shugaba ke sa wa hannu ta fara aiki nan take, kamar Doka ta 4 ta 1984 da aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor da ita. Mulkin farar hula kuwa aikin lallashi ne da haƙuri da majalisa da kotu da gwamnoni da 'yan ƙwadago. Obasanjo ya cancanci yabo kan miƙa mulki ga Shehu Shagari a 1979 da yafe bashin dala biliyan 18 da ya samo a 2005, amma a mulkinsa na farar hula ne sojoji suka karkashe fararen hula a garin Odi a 1999 da Zaki Biyam a 2001, kuma sai da Majalisar Dattawa ta taka wa yunƙurin tazarce birki a 2006. Wasu suna koyon sabon halin, domin David Mark, tsohon hafsan soja, ya shugabanci wannan majalisa shekara takwas, daga 2007 zuwa 2015, ba tare da an tsige shi ba, amma a zauren majalisa ya koyi hakan, ba a filin fareti ba.

Saboda haka nake ganin kalmar "tsohon soja" ta yi faɗi da yawa, ba ta gaya wa mai zaɓe komai. Kanar Ahmadu Ali ne kwamishinan ilimi na tarayya a 1978, lokacin da ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai ya haddasa zanga-zangar da aka harbe ɗalibai a cikinta a Legas da Samaru, kuma daga baya ya zama shugaban PDP na ƙasa. Kanar Abubakar Dangiwa Umar, wanda ya yi gwamnan jihar Kaduna daga 1985 zuwa 1988, ya fito fili ya ƙi amincewa da soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, abin da ya kai ga barinsa aikin soja. Dukansu kaki ɗaya suka sa, amma tambayoyin da za a yi wa kowannensu daban suke. Ya kamata a tambayi duk tsohon hafsan da ya zo neman ƙuri'a ina yake a ranakun juyin mulki, yaya ya bi da haƙƙin yaransa da kuɗin alawus ɗinsu, da me ya yi da aka ba shi umarnin da ya san ba daidai ba ne.

Inda nake ganin tsohon soja zai fi yi mana amfani shi ne a kwamitocin tsaro na majalisa, domin ya san farashin harsashi da takalmi, ya san inda kuɗi ke zurarewa tsakanin Abuja da bakin daga, muddin dai zai iya titsiye tsofaffin abokan aikinsa. A nan Zariya muna da hanyar auna hakan. Hukumar binciken da gwamnatin jihar Kaduna ta kafa kan rikicin Disambar 2015 tsakanin sojoji da 'yan Shi'a mabiya Sheikh Zakzaky ta ji shaida daga jami'in gwamnati cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya, kuma rahotonta na 2016 ya ɗora laifi a kan ɓangarorin biyu, ya kuma ba da shawarar a gurfanar da sojojin da suka wuce gona da iri. Ba sai mutum ya goyi bayan wani ɓangare ba kafin ya tambayi ɗan takara mai tutiya da kaki ko ya karanta wannan rahoto, da kuma matakin da zai nema a ɗauka a kansa idan ya shiga majalisa.