Wa ya ce muku ba ta gode wa Allah ba?

Wato wata yarinya da ta sha fama da sankarar mama ta ce tsoron rashin haihuwa na hana ta barci, sai kuka taru a kanta da "ki gode wa Allah kin rayu". Sannunku da wa'azi, malamai. A garin da amarya ba ta cika shekara dangin miji sun fara leƙen cikinta, a nan kuke mamakin 'yar shekara 28 tana kukan haihuwa?

Tambayar da ya kamata ku yi ita ce: an zaunar da ita an yi mata maganar haihuwa kafin a ɗaura mata ruwan kemo na farko, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara? Kafin, ba bayan an gama ba. Maganin cyclophosphamide da ke cikin yawancin haɗin kemon nan yana kashe ƙwayayen haihuwa, mace kuwa ba ta yin sababbi. Ana iya fara allurar goserelin mako 1 kafin kemo, a ci gaba duk wata, don ƙwan mace ya huta, ɓarnar ta ragu. Ana iya cire ƙwai a daskarar, aikin mako 2 ne. Za ku ce tsada. Da tsada, ƙwarai kuwa, amma faɗa mata kawai, nawa zai ci? Za ku ce rai ake ceto, babu lokaci. Zaman minti 15 ba ya hana ceton rai.

Bayan magani ma a yi mata bayani. Dawowar al'ada ba shaida ba ce cewa ƙwai na nan da yawa, gwajin jini na AMH ne ke ba da haske. Ɗaukewarta kuma ba ta hana ciki ya shiga. Tamoxifen, maganin hana sankarar dawowa da ake sha shekara 5 zuwa 10, yana cutar da ɗan tayi, shi ya sa ba a yarda a yi ciki ana shan sa ba. Amma binciken POSITIVE da aka wallafa a 2023 ya bi mata sama da 500 da suka sha irin wannan magani wata 18 zuwa 30, suka dakata da sanin likita, suka jira wata 3 kafin neman ciki. Kusan kashi 74 cikin 100 sun samu, kuma a shekara 3 na farko cutar ba ta fi dawo musu fiye da waɗanda ba su dakata ba. Wadda ba a gaya wa wannan ba, a ɓoye take ajiye maganin, nan ne haɗarin yake.

Wallahi ciwon damuwa ba raunin imani ba ne. Idan ta yi mako 2 cikin ƙunci, ba ci ba barci, ta daina jin daɗin komai, ko ta fara cewa gara ta mutu, a yi mata addu'a kuma a kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa. A faɗa masa tana shan tamoxifen, domin wasu magungunan damuwa, irin su paroxetine da fluoxetine, suna rage wa tamoxifen ƙarfi. Venlafaxine, shi ma maganin damuwa ne, bai cika yin haka ba, yana ma sassauta zufar dare.

Ku kuma masu tallar haɗin haihuwa a TikTok, ku ji tsoron Allah. Macen da estrogen, sinadarin jikin mata, ke ciyar da cutarta kuke ɗura wa garin da ku kanku ba ku san abin da ke ciki ba, har da cewa in ta sayi roba biyu za ku yi mata ragi.